Zoɓon Bakin Iyaka: Tafiya Illela da Kular Ƙanƙara

A watan Maris na 2021 asibitocin Kano suka cika da masu amai da jiri da fitsarin jini. Ɗaruruwan mutane aka kwantar, wasu kuma suka riga mu gidan gaskiya. Da hukumar NAFDAC ta bi sawun lamarin, sai ta bayyana cewa an sayar wa masu haɗa lemo wani sinadari mai suna haidiroksilamin da sunan ɗan tsami, garin nan da ake barbaɗawa a abin sha don ya yi ɗanɗano. Mai saye bai gane ba, mai damawa ba ta gane ba, balle mai sha.

Tun daga wannan lokaci wata malama mai koyar da kimiyyar sinadarai a wata jami'a a Kano ta sa wa ranta tambaya ɗaya: me ke cikin kofin da talaka ke kaiwa baki? Ba guba kaɗai take nufi ba, har da amfani. Bitamin C nawa ke saura a zoɓon da ya wuni a rana? Abin da aka rubuta a jikin ledar garin lemo, shi ne a ciki? Akwai na'urar da ke amsa irin waɗannan tambayoyi, ita ce ta kuromatogirafi na ruwa, wadda masana ke kira HPLC. Sai dai ita na'ura ba ta zuwa kasuwa, kasuwar ake ɗebo mata a kwalba. Shi ya sa a wata bazara malamar ta ɗauki ɗalibarta mai karatun digiri na biyu, da ƙanenta a matsayin ɗan rakiya, suka nufi Illela ta jihar Sakkwato, inda kayan Najeriya da na Nijar ke haɗuwa a rumfa ɗaya, ƙarƙashin ranar da kan haura digiri 40 a ma'aunin zafi.

Kayansu ya fi na matafiyi nauyi: kula biyu manya, ƙananan kwalabe masu duhun launi don kada haske ya shiga, takardar gwada tsami, ma'aunin zafi, littafin rubutu, da wani ruwan asid mai suna metafosforik wanda ake ɗigawa a samfuri don ya riƙe bitamin C kada iska ta cinye shi. A tasha rigimar farko kan kulolin aka yi ta.

"Hajiya, waɗannan ai fasinja ne guda," in ji direba, yana bubbuga murfin ɗaya. "Kin dai san kuɗin mai."

Ba a yi masa gardama mai tsawo ba. Kafin janye tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000, kuma kowane kujera da kowane buhu sun ɗauki rabonsu na wannan tsada. Aka biya wa kulolin kuɗin kujera, aka ɗaure su a baya, aka lulluɓe da bargo.

Bayan sallar asuba suka fita ta Kabuga. Gwarzo, Dayi, Malumfashi, hantsi bai gama dubawa ba suna Funtuwa, inda suka karya da ƙosai mai zafi da kunun tsamiya. Ɗalibar ta tsoma takardar gwaji a ragowar kununta, ta ga ta nuna tsami sosai, ta rubuta. Tsamin tsamiya daga asid ɗin tatarik yake, kuma da wuya a sami ɗan itacen da ya kai ta yawansa.

Daga Funtuwa zuwa Gusau hira ta mutu a mota. Hanyar Tsafe ta yi ƙaurin suna saboda 'yan bindiga, direbobi ba sa yarda dare ya riske su a kanta, kuma shingayen jami'an tsaro ba su da nisa da juna. Kowa ya ja carbinsa. Sai da aka wuce Gusau da Bunguɗu da Maru aka fara jin tari da dariya. A Talatar Mafara, inda ruwan madatsar Bakolori ke shayar da gonaki, yara suka yanyame tagogi da rake da mangwaro da ruwan leda. Bayan Tureta da Dange sai ga Sakkwato da la'asar sakaliya, an ci fiye da kilomita 500.

Bakano yana ganin ya san zafi har sai ya kwana a Sakkwato cikin Afrilu. A masaukin baƙin da suka sauka kuɗin ɗaki mai na'urar sanyi ya kusa ninka na mai fanka, kuma ba a yi shawara ba aka zaɓi mai fanka, domin kuɗin yana da wani aiki. Ƙanen malamar ya fita neman ƙanƙara. A wannan yanayi ita ce sarauniyar kasuwa: mai zoɓo na nemanta, mai ruwan leda na nemanta, mai fura ma haka, kuma farashinta da rana daban ne da na dare. Ya dawo da dunƙule-dunƙule a buhu, tare da tuwon shinkafa da miyar sure da balangu mai ɗumi a takarda.

Washegari Asabar suka kama hanyar arewa. Daga Sakkwato zuwa Illela kimanin kilomita 85 ne. Ana haye gulbin Rima sai fadama ta buɗe hagu da dama, ga rumbunan albasa na kara a jere, ga buhuna a bakin titi suna jiran manyan motoci. Aka wuce Kware, aka shiga Gwadabawa, garin da Muhammadu Maiturare ya kafa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. A wannan yanki Degel take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har zuwa hijirarsa Gudu a 1804. Daga nan itatuwa suka fara raguwa, yashi ya ƙara fari, jakuna da raƙuma suka fi babura yawa a gefen hanya. Daf da Illela ana ganin manyan motocin aikin hanya, domin daga nan aka tsara babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2024.

Masaukinsu gidan wata dattijuwa ne, gwaggon wata abokiyar aikin malamar. Tun daga zaure ta tarye su.

"Maraba da mutanen Kano! Kun iso lahiya? Ku taho ciki, wagga rana ba ta tsayuwa ba ta."

"Lafiya lau, Inna. Mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ku sha hura tukuna, sannan mu ji abin da kunka zo da shi."

Ƙwarya aka kawo, an dama fura da kindirmo, ludayi uku a ciki. Furar nan ta fi ta Kano yaji da ruwa, kuma a wannan ƙasa ba abin marmari ba ce, ita ce abincin rana. Malamar ta yi maganar kuɗin abinci na kwanakin da za su yi, Inna ta ɓata rai har sai da aka ba ta haƙuri. Baƙo, in ji ta, ba ya sayen tuwo a gidanta. Abin da ta karɓa kawai shi ne turare da atamfar da suka zo mata da su daga Kantin Kwari. Ta kuma aika jikanta wurin wani mai shago da ke da firiza mai aiki da hasken rana, aka yi ciniki a kan zai riƙa ajiye musu kwalabe. Da dare mata suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, domin ɗaki ba ya shiguwa, ƙanen malamar kuma ya kwana a zaure tare da samarin gidan.

Aikin ya fara ne tun a daren, a cikin gidaje, inda namiji ba zai shiga ba. Mafi yawan zoɓon da ake sha a kasuwar Lahadi mata ne ke haɗa shi ranar Asabar a bayan katanga, yara su fita da shi da safe. Inna ta zagaya da baƙinta gida-gida. A gida na farko matar tana tafasa zoɓon ne har ya yi baƙi-baƙi, da citta da kanumfari da ɓawon abarba. A na biyu jiƙa shi ake yi cikin ruwan sanyi ya kwana, da asuba a tace. A na uku, matar gidan ta jefa ɗan ƙullin kanwa a tukunya.

"Don mi kike sa kanwa, Yaya?" ɗalibar ta tambaya, harshenta ya fara kama na gari.

"Tsami shika kashewa. In ba ka sa ba, sukari ba ya isa, kuma kin san kuɗɗin sukari yanzu."

Dabara ce ta mai neman riba, kuma tana da dalili. Amma malamar ta lura da yadda jan ruwan ya koma shuni-shuni nan take, ta san abin da ya faru. Jan zoɓo daga wasu sinadaran tsiro yake masu suna antosayanin, manyansu guda biyu: delfinidin da sayanidin, kowanne haɗe da sukarinsa na halitta. A cikin tsami suke ja kuma a cikinsa suke daɗewa. Da zarar an kashe tsamin sai launi ya juya, su fara lalacewa da wuri. Bitamin C ma haka yake, tsami ne ke tsare shi, zafi da iska da kanwa kuwa maƙiyansa ne. Ke nan tukwane uku na unguwa ɗaya, da zoɓo daga buhu ɗaya, suna iya ba da abin sha iri uku.

Inna ta ce ita don hawan jini take sha. Maganarta ba ta rasa tushe ba. A 2010 masu bincike a jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 65, inda masu shan kofi uku na zoɓo kullum tsawon mako shida suka sami raguwar lambar sama ta awon jini da kimanin maki 7. Sai dai can an auna yawan zoɓon da ke kowane kofi. Wanda ke sha a tasha bai san ko kofinsa ya kai rabin wancan ba, bai kuma san cokalin sukari nawa ya bi shi ciki ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa zoɓo musamman yake bukatar babbar na'ura. Tsohuwar hanyar auna bitamin C, wadda ake koya wa ɗalibai a ajin farko, ita ce a riƙa ɗiga wani shuɗin rini a cikin samfuri har a ga ya koma ja-ja mai haske. A ruwan lemun tsami wannan yana yiwuwa. A zoɓo kuwa, wanda tun asali ja ne wur, ido ba zai ga lokacin da launi ya sauya ba. Dole sai an raba bitamin da launin, kowanne ya fito shi kaɗai.

Lahadi ita ce ranar Illela. Tun kafin rana ta ɗaga ƙura ta tashi daga kara, inda shanu da tumaki da raƙuma daga Nijar ke sauka, tireloli kuma na jiran lodi zuwa kudu. Ga Buzaye da rawunansu, ga Fulani da sanduna, ga Adarawa da Gobirawa, ga 'yan kasuwa daga Ibadan da Onica suna ciniki da Hausa. 'Yan canji na zaune da damman naira da na sefa. A 2015 jaka ɗaya ta sefa ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura naira 2,000, shi ya sa mutumin Ƙonni, garin da ke tsallaken iyaka a Nijar, ke ganin arahar kayan Najeriya, mutumin Illela kuma yake jin nauyin duk abin da ya hauro. Mutanen Illela suna lissafin shekaru da rufe iyaka: wanda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024. Duk wanda ka tambaya yana da labarin albasar da ta ruɓe a mota ko bashin da bai biyu ba.

Tsarin aikin bai da wuya a faɗa. A sayi abin sha kamar kowa, a auna zafinsa da tsaminsa nan take, a raba shi kwalba biyu, ɗaya a ɗiga mata asid saboda bitamin C, ɗaya a bar ta haka saboda launi da sauran sinadarai, a rubuta lamba da lokaci, a tura cikin ƙanƙara. Daga baya da la'asar a koma wurin mai sayarwa ɗaya a sake saye, don a ga abin da wunin rana ya yi. Ba sunan kowa a littafin, lamba ce kawai.

Duk da haka kwalabe da rubuce-rubuce sun tayar da hankali. Wani dattijo mai rumfar kayan shayi ya janye kwalinsa ciki.

"Ku ma'aikata na? In kama kaya kunka zo yi, ku hwaɗi."

"A'a, Baba, malaman makaranta ne mu. Saye za mu yi, mu biya."

Sai da jikan Inna ya ambaci gidan da suka sauka sannan fuskarsa ta saki. Ya sa aka kawo musu benci, ya fito da kayan da kansa: ƙananan ledojin garin lemo kala-kala, wasu da rubutun Turanci, wasu Faransanci, wasu Larabci, kusan kowacce da hoton lemu ko mangwaro da alkawarin bitamin C. Leda ɗaya tana cika babban jug, kuɗinta kuma bai kai na lemun kwalba guda ba, don haka ita ce abin shan suna da biki da buɗa-baki a gidajen marasa ƙarfi. Wasu ledojin da ke rataye a bakin rumfa rana ta kwashe launinsu har kwanan watan ƙarewa ba ya karantuwa.

A nan ne malamar ta ja hankalin ɗalibarta ga wani sinadari mai suna benzowet, wanda kamfanoni ke sa wa abin sha don kada ya lalace. Shi kaɗai, a ƙa'idar da aka yarda, ba matsala. Amma idan ya haɗu da bitamin C cikin zafi da haske, yana iya haifar da ɗan ƙaramin adadi na benzin, wanda aka tabbatar yana jawo cutar daji. Kan wannan batu ne wata babbar kotu a Legas ta yanke hukunci a 2017 cewa a sa gargaɗi a jikin wasu lemukan kwalba, ƙasa ta ɗauki muhawara. Benzin ɗin kansa da na'urar kuromatogirafi ta iska ake auna shi, amma benzowet da bitamin C, iyayen matsalar, HPLC na iya nuna su a gudu ɗaya. In akwai wurin da ya kamata a riƙa yin wannan awo a kai a kai, to kasuwar da katan-katan na lemo ke wuni a rana mai digiri 40 ce.

Sukarin da ake aunawa a mudu ma ya shiga kwalba. Tun 2002 doka ta wajabta a Najeriya a ƙara bitamin A a sukari da man girki da fulawa, da alamar ido a jikin buhu. Bitamin A ba ya jure haske, sukarin da ya bi ɓarauniyar hanya kuma ba lallai ne ya san da wannan doka ba.

Ba duka labarin ne na fargaba ba. A gefen 'yan hatsi wata tsohuwa na sayar da garin ƙwame, farin garin cikin 'ya'yan kuka, a farashin da ɗalibar ta ce a Kano ko rabin mudu ba za a ba ta ba. Bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemun zaƙi sau da dama, kuma da yake a ruwan sanyi ake dama shi, wuta ba ta taɓa shi. Abin da hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙayyade wa baligi a rana miligiram 45 ne, adadin da 'yan cokula na garin mai kyau ke iya cikawa. A Turai ana zuba shi a gwangwani mai ado a sayar da tsada tun bayan da Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin abinci a 2008. A Illela yara ne ke tsotsarsa a hanyar makarantar allo.

Da azahar suka fake a inuwar wani mai shayi Buzu, wanda ke dafa koren ganyen Sin a ƙaramar buta kan gawayi, ya zuba daga sama har kumfa ta tashi. Kofi uku ake sha a jere, na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi. Ɗalibar ta roƙi ɗan kaɗan daga kowane zagaye, domin kafeyin da sinadaran katekin na ganyen suna fita ne da yawa a dahuwar farko, su yi ta raguwa. Ya ba ta, ya kuma ƙi karɓar kuɗin wanda aka zuba a kwalba. Wanda aka sha, in ji shi, shi ake biya.

Washegari suka leƙa Birnin Ƙonni, tafiyar kimanin kilomita 10. Aka nuna katin shaida a wannan gefe da wancan, aka buɗe kula aka rufe, suka wuce. Kabu-kabu suka hau, abin da malamar ta daɗe ba ta yi ba, tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013. Hausa ɗaya ce, dangi ɗaya ne, amma lissafi ya sauya: a nan da dala ake ciniki, dala ɗaya sefa biyar, sai baƙo ya tsaya ya ninka a ransa kafin ya miƙa kuɗi. Zoɓon Ƙonni, wanda masu boko ke kira bisab, an fi sa masa na'ana'a da ƙamshin banila, a ƙulla a ƙananan ledoji a daskarar. Idan aka mayar da kuɗinsa naira ya fi na Illela tsada, ko da yake ƙullin bai fi girma ba. Wata mai sayarwa ta tuna musu watannin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulki, yadda ƙanƙara ta yi wuya, masu sana'arta da dama suka zauna. Suka ci dogon burodi da soyayyen ƙwai, suka sayi cuku da dabino na tsaraba, suka juyo kafin la'asar saboda kwalaben da ke cikin kula.

Ranar komawa Inna ta cika musu buhu da albasa da busasshen zoɓo, ta rako su har bakin titi.

"In kunka auna, ku aiko muna da abin da kunka gani. Kak ku yi shiru."

"In sha Allahu, Inna, da bakinmu za mu kawo miki."

Komawar tsere ce da narkewar ƙanƙara. An sake cika kula a Sakkwato, an ƙara a Gusau, ɗalibar na duba ma'aunin zafi duk inda aka tsaya. Samfurin da ya ɗumama a hanya ya tashi daga shaidar abin da aka sha a Illela, ya koma shaidar abin da mota ta yi masa.

A ɗakin gwaji na'urar ba ta da kwarjinin da sunanta ke da shi: akwatuna ne huɗu ko biyar a ɗore kan juna, da kwalaben ruwa a sama da kwamfuta a gefe. Zuciyarta wani bututun ƙarfe ne mai kimanin tsawon tafin hannu da yatsu, santimita 15 ko 25, faɗin cikinsa milimita 4.6, an cusa masa garin silika mai laushin gaske wanda aka shafe da wani abu mai maiƙo. Ana tace samfuri, a ɗebi abin da bai kai ɗigo ɗaya ba, famfo ya tura shi cikin bututun da ƙarfi tare da ruwa da metanol, kimanin mililita ɗaya a minti. Abin da ke faruwa a ciki kamar ayari ne ya shiga kasuwar Illela ta ƙofa ɗaya: wanda bai san kowa ba shi zai fara fita ta ɗaya ƙofar, mai yawan abokai kuwa sai ya tsaya gaisawa rumfa-rumfa, ya fito a ƙarshe. Bitamin C ba ya shiri da maiƙo, don haka cikin 'yan mintuna na farko yake fita. Kafeyin da benzowet sukan daɗe.

A bakin fita akwai fitila da idon na'ura. Kowane sinadari yana da hasken da yake sha: bitamin C wajen nanomita 245, kafeyin wajen 273, jan zoɓo kuma 520. Duk wanda ya wuce sai layi ya yi tsini a fuskar kwamfuta. Lokacin fitarsa ke faɗin ko wane ne, girman tsinin ke faɗin yawansa, bayan an gwada shi da tsantsar sinadarin da aka riga aka san nauyinsa. Asalin dabarar daga ganye ta fito. Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikha'il Tsbet, shi ya fara bayyana ta a 1903, lokacin da ya zuba ruwan koren ganye a bututun gilashi cike da garin alli ya ga launuka sun rabu hawa-hawa. Turawan Ingila biyu, Martin da Synge, suka faɗaɗa ta har suka sami kyautar Nobel a 1952, sannan a ƙarshen shekarun 1960 aka haɗa ta da famfo mai ƙarfi ta zama abin da ake gani yau.

Da aka tura zoɓon gidan da ake jiƙawa, aka saita ido a 520, tsini biyu suka tashi, babba a gaba, ƙarami a bayansa: delfinidin da sayanidin, kamar yadda littattafai suka faɗa. Ɗalibar ta ɗauki hotonsu da waya. Sauran kwalaben na jere a firiza, kowacce da lambarta, kuma kowacce sai an maimaita ta sau uku kafin a yarda da ita.

A nan tsadar aikin take. Metanol mai tsabtar da na'ura ke karɓa, da tsantsar sinadaran gwaji, da bututun kansa, duk daga waje ake sayo su da dala ta Amurka. Wuta kuma in ta ɗauke a tsakiyar gudu, samfuri da ruwan da aka kashe sun tafi. Wannan ne ya sa awon da ya kamata ya zama na yau da kullum a garuruwan iyaka irin su Illela da Jibiya da Maigatari ya zama sai wanda ya ɗaura niyya ya yi tafiyar kilomita 600 da ƙanƙara a baya. Malamar na ganin gyaran ba ya bukatar na'ura a kowace kasuwa. Firiza mai hasken rana a bakin iyaka, da ma'aikaci ɗaya da ya iya ɗaukar samfuri, da mota mai kai kula Sakkwato duk mako, sun isa su sa a san abin da ke shigowa kafin ya kai asibiti.

Malamar da ɗalibarta sun riga sun tsara komawa da sanyin hunturu, lokacin da sabon zoɓo ke shigowa kasuwa, don a gwada shi da na bazara. Za su tafi da sakamakon a takarda ɗaya da Hausa, boko da ajami, mai bayanin abu uku da matan unguwar Inna suka tambaya da bakinsu: jiƙawa ko tafasawa, kanwa ko babu, da kuma awa nawa jarka za ta iya yi a rana kafin a ce a mayar da ita inuwa.